Zomo a Bakin Raga

Ni na koya wa ƙanena Orest tsayuwa a kan ƙanƙara da takalmin zamiya mai ƙarfe a ƙasa, saboda haka ina da bakin magana a kansa. A tafkin da shanunmu ke shan ruwa muka fara, bayan gidan gonarmu kusa da garin Canora, da zarar sanyi ya daskarar da shi. Na girme shi da shekara huɗu, na fi shi ƙarfin bugu, har gobe ma na fi shi. Amma gudu kam, tun bai gama firamare ba na daina wahalar da kaina. Yaro ne siriri mai kunnuwa fato-fato, in ana hoki, wasan da ake tura ɗan faifai da sanda zuwa raga a kan ƙanƙara, ya ɗauki faifan a sandarsa ya bi gefen hagu, sai dai ka hango bayansa. Baba ne ya fara kiransa Zomo, sunan ya bi shi har cikin jaridu.

Ni ma na taɓa wasa, 'yar baya ce a ƙungiyar mata ta jami'a. Da na gama na dawo gida na kama wa Baba noman alkama da kanola da ake man girki da ita, don a lokacin mace ba ta cin abinci da hoki. Orest kuwa yana da shekara goma sha shida ya bar gida. Ya yi ƙungiyar matasa, ya yi ƙaramar lig inda rabin rayuwar mutum a bas take ƙarewa, yana da ashirin da biyu babbar lig ta kira shi. Ranar wasansa na farko Mama ta kasa kallo. Ta shige kicin tana murza ƙullin firogi, abincinmu na fulawa mai dankali a ciki, tana ƙwalo mini tambaya.

"Verna, ya faɗi? Ki gaya mini gaskiya, an buge shi?"

"Mama, sai an kamo mutum ake bugunsa."

Haka aka yi ta tafiya har watan Fabrairu. A wani wasa Orest ya tsere wa 'yan baya biyu ya nufi raga, na ukun ya zubo ƙasa ya kwashe masa ƙafafu. Gwiwarsa ta dama ta daki ƙarfen raga, ta lanƙwashe ta inda Allah bai yi ta ta lanƙwashe ba. Jijiyoyi suka tsinke. Aka yi masa aiki, ya shekara yana jinya, ya dawo. Gudun yana nan, sai dai an gutsure shi kaɗan, kuma a babbar lig wannan kaɗan ɗin shi ne komai. Suka mayar da shi ƙaramar lig. Can ya karya ƙashin wuya, ya bar haƙoran gaba a kan ƙanƙarar wani gari da shi kansa ya manta sunansa, ya kuma auri Jolene, wata nas mai ƙaramin jiki da babbar murya, wadda ta ɗinke masa leɓe tun kafin ta san sunansa. Yana da ashirin da bakwai gwiwar nan ta sake tafiya, wannan karon ba wanda ya taɓa shi. Juyawa kawai ya yi, ya ji ƙas. Bayan aiki na biyu ƙungiyar ta sallame shi.

Suka dawo gona da bazara, dab da shuka, shi da Jolene da sandunan dogarawa. A teburin abinci Baba ya share baki ya ce, "To, ai ka yi. Ka taka inda ba wanda ya taɓa takawa a gidan nan. Tarakta ba ta tambayar gwiwa."

"Ban gama ba, Baba."

"Likita ya ce me?"

Orest ya jawo kwanonsa. Jolene ta amsa masa. "Ya ce zai yi tafiya, zai hau ƙanƙara. Gudun ne ya ce a yi masa sallama."

"Likita bai taɓa ganin ina gudu ba."

"Ni na gani," in ji Jolene, "na kuma ga hoton cikin gwiwar. Ci abincinka."

Da ya yar da sanduna, wajen tsakiyar Yuli, ya matsa mini na kai shi Yorkton, inda akwai filin da ke riƙe ƙanƙara har da zafi. Muka yi 'yan zagaye, sai ya ce mu yi tsere daga wannan bango zuwa wancan. Na ce a'a. Ya ce tsoro nake ji. Ni kuma ba a ce mini haka.

Na riga shi. Ni da na shekara da shekaru ban yi wasan kirki ba, da cikina cike da girkin Mama. Ya ce a sake. Na sake riga shi, har na waiwayo. Ya je benci ya zauna, ya daɗe yana kallon takalmansa.

"Da kin bar ni na ci, Yaya, da ban yafe miki ba."

"Na sani."

Muka kama hanyar gida. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan, har na fara lissafin wace gona zan bar masa ya kula da ita.

Bayan 'yan kwanaki na shigo shan kofi da hantsi, na tarar da shi gaban talabijin da tsofaffin faya-fayan wasanninsa. Na ce a raina yaron nan zai kashe kansa da baƙin ciki. Ashe ba kansa yake kallo ba.

"Zo ki ga wannan," ya ce. Ya nuna mini wani ƙato mai lamba arba'in da huɗu. "Szabo ke nan. Mun yi shekara biyu tare. Ko firij aka ɗaura wa takalmi zai riga shi. Kullum muna yi masa dariya. Kin san a shekarar nan ya fi ni zura faifai a raga?"

Na zauna na kalla. Mutumin ba ya zuwa ko'ina. Yana isa gaban mai tsaron raga sai ya kafe, ya juya masa baya ya tare masa gani. 'Yan baya suna ta sassaƙa masa sanda a ƙugu da haƙarƙari, bai motsa ba. Sai a bugo faifai daga nesa, ya ɗan taɓa shi da bakin sanda, ya canza masa hanya, ya shige.

"Wannan ai ba wasa ba ne," na ce. "Zaman shan duka ne."

"In kiɗa ya canza, Yaya."

"Kai ɗin da iska ke ɗauka?"

"Mama za ta gyara wannan. Ke kuma ina son hannunki."

Muka fitar da injin girbi daga rumfar injuna, muka share daɓen siminti. Ya shimfiɗa wani falankin roba mai santsi inda zan riƙa bugowa, ya kafa tsohuwar ragarmu a ɗaya ƙarshen, ya tara faifai cike da bokitai. Kullum da asuba kafin in fita gona, da yamma bayan na dawo, sai in tsaya in yi ta narka masa bugu, shi yana tsaye gaban raga yana neman taɓawa.

Makon farko abin tausayi ne. Faifai ya wuce ta sama, ya wuce ta ƙasa, ya same shi a cinya, ya same shi a idon sawu. Mutumin da ya saba faifai na manne da sandarsa, yanzu yana kai masa sara kamar mai korar ƙuda. Wata safiya na same shi a gefen gwiwar nan, inda kariya ba ta rufe ba, ya durƙushe. Na rage ƙarfi a bugu na gaba. Nan take ya gane.

"Me kenan? Wannan bugun 'yan coci ne?"

"Gwiwarka ce nake ji."

"Ba ke za ki ji ta ba, ni ne. Can ba wanda zai tausaya mini. Bugo!"

Na bugo, da haushi ma. Da dare Jolene ta jera masa ledojin wake daskararre a jiki a madadin ƙanƙara tana zaginsa ƙasa-ƙasa, Mama kuma ta yi ta ɗura masa dankali da kirim da nama kamar mai kiwon rago.

Baba bai taɓa tsayawa kallo ba. In ya zo ɗaukar wani ƙarfe sai ya ɗauka ya fita, kansa a ƙasa. Sai wata yamma cikin Agusta, lokacin hannun Orest ya fara faɗawa, faifai na taɓa sandarsa yana shigewa, har ya fara cika mini baki. Baba ya tsaya a bakin ƙofa da hannu cikin aljihu, ya ɗan jima.

"Aikin banza kuke yi," ya ce.

Orest ya juyo. "Baba, mun riga mun yi wannan maganar."

"Na ce aikin banza. Wa zai bar ka ka tsaya haka kamar mai jiran bas? Kawunka ne ɗan bayan?"

Ya shigo, ya zaro wata tsohuwar sanda daga cikin ganga, ya riƙe ta a gicciye da hannu biyu, ya tsaya bayan ɗansa. "Verna, bugo."

Ina ɗaga sanda, Baba ya dankara masa ita a ƙugu. Orest ya tafi da fuska, ya sha siminti.

"Tashi. Buɗe ƙafafu. Sauke gindi ƙasa, nauyinka a ƙafar hagu, ka bar mai ciwon ta huta. Ka taɓa ganin an ture saniyar da ba ta son shiga mota?"

Mutum mai shekara sittin da wani abu, da ciwon kafaɗa, haka ya riƙa zuwa kullum har girbi ya kama. Bai taɓa cewa ya canza ra'ayi ba. In Mama ta tambaye shi sai ya ce, "Tunda ya ƙi ji, gara ya sha a gida."

Kaka ta yi, ba wanda ya neme shi. Wakilinsa ma ya daina ɗaukar waya. Orest ya zauna a kicin ya yi ta kiran duk wanda ya taɓa sani, ana ba shi haƙuri. A ƙarshe ya samu wani koci mai suna Pelkey, a wata lig da ke ƙasa da wadda aka sallame shi, a wani garin masana'antu a jihar Ohio. Muryar mutumin har inda nake wanke kwanuka, yana kiransa da sunan gidanmu.

"Demkiw? Zomo? An ce mini ƙafarka ta mutu."

"Ta mutu, Koci. Ba gudu na zo sayarwa ba."

"To me ya rage?"

"Ka ba ni mako ɗaya a sansanin gwaji. Ba kwantiragi, ba komai. In ban yi maka ba, da kaina zan ɗauki jakata."

"Ba zan biya maka ɗaki ba."

"Ina da mota."

Jolene ce ta ba ni labarin sansanin, don ta bi shi. Ta ce ranar farko da aka yi tseren gwaji shi ne na ƙarshe, har masu tsaron raga sun riga shi. Yaran ƙungiyar, waɗanda wasu sun taso suna kallonsa a talabijin, suka samu abin yi. "Baba tsoho, a kawo maka kujera?" "Kai, wa ya dafa Zomon nan?" Ya ci gaba da atisayensa. Da aka raba su gida biyu aka fara wasa, ya lallaɓa ya je gaban raga ya kafe. Wani ɗan baya mai ji da ƙarfi ya kai masa sanda, ya sake kai masa, ya haɗa da naushi a ƙeya. Orest ya waiwaya ya ce masa, "Ɗan samari, babana ya fi ka hannu, kuma yana karɓar fansho." Kafin yaron ya samu amsa an bugo faifai, ya taɓa, ya shige. Kafin a tashi ya ƙara wani.

Pelkey ya tare shi a hanyar ɗakin canza kaya. "Mummunan wasa ne wannan, Demkiw. Ban taɓa ganin mai muninsa ba. Je ka karɓi riga."

Wurin da ya zaɓa wa kansa ba ya barin mutum lafiya. Bayansa kullum shuɗi da kore. Yatsunsa sun karye ɗaya bayan ɗaya har zoben aure ya daina shiga. Cikin shekara ta biyu, bayan ya koma lig ɗin da ta sallame shi, bugun ɗan ƙungiyarsu ya tashi sama ya same shi a muƙamuƙi. Aka ɗaure masa baki da waya. Na kira shi, yana magana ta tsakanin haƙora kamar mai fushi.

"Yaya, kin san abin haushin? Faifan ya shiga, amma suka rubuta wa wanda ya bugo."

"Kai, ka dawo gida haka nan."

"Jolene tana niƙa mini firogi a injin markaɗe. Kar ki gaya wa Mama."

Bai cika wata ba ya koma wasa da ƙarfen kariya a fuska, yana shan abinci da tsinken shan lemo. Akwai lokacin da na yi fushi da shi sosai, na ce masa wannan ba jarumta ba ce, taurin kai ne. Ya ce ai bai taɓa cewa jarumta ce ba. Ya ce abu ɗaya ne: ba ya son ya zama ƙarfen raga ne ya yanke masa ranar dainawa.

Yana da talatin da ɗaya, dab da wasannin cin kofi, wata ƙungiya ta babbar lig ta rasa 'yan gabanta biyu, kuma ta yi makonni ba ta iya ci ko da alƙali ya kori mutum ɗaya daga abokan karawa. Wani a ofishinsu ya tuna akwai wani tsoho a ƙasa da ba ya komai sai cin raga a irin wannan lokaci. Suka kira shi.

Muka bar shanu a hannun maƙwabci muka hau jirgi, ni da Baba. Mama ta ce ita kicin ɗinta ya ishe ta. Wasan ya kai zango na uku, na ƙarshe, ana kunnen doki, kuma Orest bai taka ƙanƙara ba sai jefi-jefi, don in ana gudu ba shi da amfani, shi ma ya sani. Sai alƙali ya kori ɗaya daga cikin abokan karawa na minti biyu. Na ga koci ya dafa masa kafaɗa. Ya tsallake katangar gaban benci, ya tafi da 'yar ɗingishinsa da ba kowa ke lura da ita ba, ya je ya juya wa mai tsaron raga baya.

Ɗan bayan da ke gadinsa ya fi shi tsawo da kai guda. Ya sa masa sanda a ƙugu, Orest ya sauke gindi. Ya sake, har hularsa ta karkace. Baba ya damƙe mini hannu yana cewa, "Ƙafar hagu, ƙafar hagu," kamar yaron zai ji shi cikin mutum dubu goma sha wani abu. Aka juya faifai daga wannan gefe zuwa wancan, aka mayar wa ɗan baya, ya narko shi. Bugun ya yi sama, zai wuce gefen raga. Orest yana cikin faɗuwa, don ƙaton ya samu sa'arsa a ƙarshe, ya miƙa sanda da hannu ɗaya. Faifai ya sauka ƙasa, ya bi ta tsakanin ƙafafun mai tsaron raga, ya gangara a hankali kamar ba ya so, ya tsallake layi.

Ban san na yi ihu ba sai da na ji maƙogwarona na zafi. Shi kuwa yana kwance rub da ciki, abokan wasa sun danne shi. Baba ya zauna, ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi.

"Ya saki ƙafarsa da wuri," ya ce. "Da bai faɗi ba."

An fitar da su a zagaye na gaba, amma ƙungiyar ta riƙe shi shekara biyu cur. A ta biyun hannunsa na hagu ya fara mutuwa, wani ƙashi a wuya yana danne jijiya. Likitoci suka ce za a iya yi masa aiki ya ƙara shekara ɗaya, wataƙila biyu, amma in aka sake bugunsa a wurin ba su ɗauki alkawarin komai ba. Lokacin Jolene na da cikin 'yarsu ta fari. Kowa ya shirya faɗa da shi, ni har na tsara abin da zan ce.

Bai ba mu dama ba. Ya buga wasan ƙarshe na shekarar, washegari ya je ofishin koci da ƙafarsa ya ce ya gama. Daga nan ya kira ni, ina tsakiyar gyaran injin shuka.

"Yaya, na ajiye."

Na tsayar da aikin. "Su suka ce, ko kai?"

"Ni. Har roƙona suka yi in ƙara tunani." Na ji yana murmushi. "Na ce musu ina so in iya ɗaukar jaririya da hannu biyu."

"To yanzu fa?"

"Aikin wuya ranar Talata. Jolene ta ce wata uku ba ɗaga kaya, ni na ce biyu. Ki bar mini gonar arewa, zan iso kafin feshin maganin ciyawa."